Korar Shanu a Gonar Alhaji

Har in koma ga Ubangijina ba na jin zan manta da wata Asabar ta ƙarshen damina, a shekarata ta huɗu ina manaja a gonar Alhaji. Ku da kuka shigo aikin dabbobi kwanan nan kuna yawan mamakin yadda nake tsananta maganar sanar da maƙwabta kafin a motsa garke, har wasunku na kirana Baba Sanarwa in na juya baya. Na ji, kuma ban ji haushi ba. Yau dai zan gaya muku inda abin ya samo asali.

Bayan na yi ritaya daga aikin gwamnati, inda na kai matsayin babban jami'in lafiyar dabbobi, sai wani attajiri ɗan Funtua ya ɗauke ni in riƙe masa gonarsa. Ni ba likita ba ne, mu ne masu bin likita da jakar allura, masu duba baki da kofato. Gonar tana can bayan Maska, sai ka sauka daga kwalta ka ci gaba a kan babur. Kiwo ne babban aikinta. Muna da garken fararen shanu, da dawakai shida da Alhaji ke ajiyewa don sha'awa. Shi Alhaji yana Kaduna, sai a yi wata uku ba mu sa shi a ido ba. Ɗansa, wanda muke kira Alhaji Ƙarami, shi ne darakta. Daga shi sai ni, a ƙarƙashina kuma akwai shugaban makiyaya, da mai kula da barga, da mai gadi, da leburori.

Shugaban makiyayan shi ne Malam Gidado. Dattijo ne Bafulatani, siriri, marar yawan magana. A yankin aka haife shi, a nan aka binne mahaifinsa, Hausa ma ta fi Fulatanci zama a bakinsa. Rugarsa tana jikin shingen gonarmu, matarsa kuma tana kai nono ƙauyen da ke maƙwabtaka da mu, wanda ba zan kama sunansa ba. A masallacin ƙauyen yake Juma'a. Tun da yake kiwo ba a taɓa kai ƙararsa gaban mai unguwa a kan ɓarnar gona ba, ko ta zangarniya ɗaya. Kun san irin shekarun da muke ciki. Ɓarayin daji sun sa duk Bafulatanin da ya gifta sai an bi shi da ido. Abin da ya hana a bi Malam Gidado da irin wannan ido shi ne kowa ya san shi, ya san ubansa. Ba shi da wata kariya bayan wannan.

Akwai abin da dole in bayyana wa wanda bai san kiwo ba, don a kansa komai ya rataya. Shanunmu na nan ba korarsu ake yi ba, bin mutum suke. Makiyayi yana gaba da sanda a kafaɗa yana kira, uwar garke ta bi shi, sauran su bi ta. Uwar garkenmu wata tsohuwar saniya ce mai karyayyen ƙaho, Malam Gidado yana kiranta Goggo, kuma in ya yi mata magana sai ka rantse tana jin Hausa. Wanda ke bayan garke yana ihu yana tsawa don su yi gudu, a ƙasar nan mutum ɗaya ne, ɓarawo. Shi ya sa in ka ji an ce an kore shanun wane, ba ka tambayar wane daji aka kai su kiwo, jaje kake zuwa yi.

Alhaji Ƙarami ya yi karatu a ƙasar waje. A can ya taɓa yin hutu a wata gonar shanu inda baƙi ke zuwa su kwana biyu, a koya musu hawan doki, su taya masu gonar tura garke daga wannan makiyaya zuwa waccan. Abin ya shiga ransa ƙwarai. Da ya dawo sai ya ce mu ma za mu yi. Ba mugun yaro ba ne, kada ku ɗauka haka nake nufi. Yana gaishe da leburori da sunansu, ni kuma bai taɓa kirana ba sai da Baba Manaja. Matsalarsa ɗaya, in ya ga abu a waya ya burge shi, to ya gama shawara. Ya sa aka gina ɗakuna huɗu na zagaye masu rufin ciyawa, aka sa musu sola da fanka, ya sayo sababbin sirada. Sannan ya gayyato rukunin farko daga Abuja, mutum biyar, abokansa da abokan abokansa.

Ranar Laraba ya turo mini tsarin hutun a waya, ya fassara shi da Hausa da kansa don in karanta wa ma'aikata. Juma'a isowa da koyon hawa. Lahadi fura da nono a ruga, sai tafiya. Asabar kuwa, ƙarfe tara na safe, ga abin da ya rubuta: korar shanu a kan dawakai daga mashekari zuwa madatsar ruwa. Da na karanta sai da na yi dariya. Na kira shi na ce, "Ranka ya daɗe, wannan kalmar ta kora ba ta da daɗin ji a nan."

Ya ce, "Haba Baba Manaja, kalma ce kawai. A can haka suke cewa."

Na ce to. Da yamma na tara ma'aikata na karanta musu takardar yadda take, har da kalmar, muka sake yin dariya tare.

Ƙa'idarmu a lokacin, wadda ni da kaina na kafa, ita ce muddin amfani yana gona, ba a fita da garke ta burtali sai an sanar da mai unguwa da shugaban 'yan sa-kai na ƙauyen kwana ɗaya kafin nan. Burtali ita ce hanyar shanu da aka bari tsakanin gonaki. Tamu tana da tsawo, ta ratsa gonakin auduga da dawa na mutanen ƙauyen, ta ɓulle a madatsar ruwa, can bakin daji. Da na ce zan je in sanar, sai Alhaji Ƙarami ya ce kada in kuskura. Baƙin nan manyan mutane ne, in labari ya fita cewa 'yan Abuja suna kwana a gona bayan Maska, wa ya san kunnen da zai faɗa? Ya umarci kowane ma'aikaci, musamman Baba Ilu mai gadi, cewa ko wa ya tambaya kada a ce akwai baƙi.

Tsoronsa gaskiya ne, ban musa ba har yau. Amma ina da hanya. Da na hau babur na je na raɗa wa mai unguwa shi kaɗai, dattijo ne mai riƙe magana, da shi ke nan. Na yi tunanin haka a daren Alhamis, na sake yi da safiyar Juma'a. Ban je ba. Na ce a raina tafiyar awa ɗaya ce, kafin kowa ya ankara mun dawo. Gaskiyar magana kuwa, ban so darakta ya ji na tsallake maganarsa ba.

Malam Gidado ne kaɗai bai yi dariya ba ranar da na karanta takardar. Ya same ni a bakin barga ya tsuguna, ya ce, "Manaja, shanun nan ba su san doki a bayansu ba. In dole ne, a bar ni in shige gaba kamar kullum, dawakan su bi gefe daga nesa, kuma a tafiya, ban da gudu."

Na kai wa Alhaji Ƙarami. Ya yarda Malam Gidado ya shige gaba, amma ya ce baƙi a baya za su tsaya, don hoton ya fi kyau daga nan, kuma abin da suka zo yi ke nan. Da na mayar wa dattijon da amsa, sai ya ce, "To, Allah shi kyauta."

Baƙin sun iso Juma'a bayan la'asar, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsu. Mutane ne masu fara'a, sun gaji da ofis, komai suka gani sai sun ɗauki hoto, har kashin shanu. Biyu daga cikinsu ne za su shigo labarin nan. Akwai wata likita, mace mai natsuwa, muka riƙa kiranta Hajiya Likita. Akwai kuma wani ma'aikacin banki mai ƙiba da babbar murya, wanda ya sanar da mu tun daga ƙofa cewa shi ba sabon shiga ba ne, ya taɓa hawa doki a bakin teku a Legas. Mai barga ya nuna musu yadda ake sa ƙafa a likkafa, da yadda ake riƙe linzami ba tare da an ja bakin doki ba. Mutumin banki ya hau ta dama maimakon hagu, dokin ya juyo ya kalle shi, duk muka kwashe da dariya har shi. Wannan yammacin ne ƙarshen dariyar da aka yi a gonar na tsawon lokaci.

Asabar da safe suka fito cikin shiri. Alhaji Ƙarami ya raba musu faffaɗan huluna, da ƙyallaye da suka ɗaure suka rufe hanci da baki, wai saboda ƙura, amma dai don su yi kama da abin da ke cikin hotunansa ne. Wasu sun ƙara da baƙin tabarau. Mutum shida a kan dawakai, ba a ganin fuskar ko ɗaya. Na kalle su abin bai yi mini ba, amma ban hana ba.

Ƙarfe tara muka buɗe mashekari, shingen da shanun ke kwana. Malam Gidado ya shige gaba ya yi kira, Goggo ta bi shi, garke ya shiga burtali a natse. Mahayan suna baya, ni kuma ina can bayansu a kan babur. Dawa ta yi tsawo a dama, auduga ta fara fashewa a hagu. Kashi ɗaya cikin uku na hanyar mun yi shi lafiya, har na fara ganin kamar tsorona na tsufa ne.

Sai mutumin banki ya ga tafiyar ta yi masa sanyi. Ya cire hula ya kaɗa, ya kurma ihu, ya zunguri doki da dugadugansa. Dokin ya zabura. Doki kuwa in ɗan'uwansa ya tashi ba ya tsayawa tambaya, sauran biyar suka bi. Shanun baya suka ji kofatai da ihu a kansu, suka danna na gabansu, cikin ƙiftawar ido garken duka ya ɓalle da gudu. Daga inda nake ina hango Malam Gidado. Da wani ne da ya yi tsalle ya faɗa cikin dawa ya tsira da ransa. Shi bai kauce ba. Ya riƙa gudu a gabansu yana kiran Goggo, yana kaɗa sanda dama da hagu don kada su fasa su shiga audugar mutane. Dattijo mai furfura, ya yi gudun da ban taɓa zaton yana da shi ba, kuma ya riƙe su a cikin burtali har bakin madatsa. Ko tushe ɗaya na auduga ba su taka ba.

Yanzu ku tsaya a inda mutanen ƙauyen suke, ku ga abin da suka gani. Wasu mata suna roron wake a gona kusa da burtali. Suka ɗago kai suka ga shanun Alhaji a guje sun nufi daji, mutane a kan dawakai da rufaffun fuskoki suna ihu a bayansu, Bafulatani kuma a gaba yana nuna hanya. Suka watsar da ƙorai suka ruga gida. Wani daga cikin mazan ƙauyen ya yi abin da ya kamata mai hankali ya yi, ya kira mai gadinmu a waya don ya tabbatar. Daga baya Baba Ilu ya maimaita mini hirar yana kuka.

Mutumin ya ce, "Baba Ilu, mi ke faruwa a gonarku?"

Baba Ilu ya ce, "Ai korar shanu ake yi."

"Korar shanu? Su wa?"

"Wallahi an hana mu faɗi."

Bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Abin da na karanta musu ya faɗa, umarnin da aka ba shi ya bi.

Ni a lokacin ban san da wannan ba. Mutumin banki ya faɗo daga doki a tsakiyar burtali, na tsaya na ɗaga shi, na duba ko ya karye, na kama dokinsa. Sauran baƙin sun warwatsu, kowa yana kokawa da linzami. Wannan tsayawar ta ci mini kamar minti goma sha biyar. Ina cikin kakkaɓe masa riga na ji ƙarar bindiga daga wajen madatsa.

'Yan sa-kai sun yanke ta wata hanya a kan babura, sun tari garken a inda burtali ta buɗe. Wanda suka fara samu shi ne Malam Gidado, shi kaɗai, a gaban shanu, yana haki ba ya iya magana. Da na isa na tarar da shi a ƙasa, an ɗaure masa hannuwa ta baya da rawaninsa, ana dukansa da gora da gindin bindiga. Kalma ɗaya ke tashi daga kowane baki: infoma. Wanda bai zauna a yankin nan ba ba zai san nauyin kalmar ba. Infoma shi ne na gida da ke nuna wa ɓarayin daji gidan da za su shiga da garken da za su kora. Mutane sun fi tsanarsa a kan ɓarayin kansu, don shi ka ci abinci da shi.

Na yar da babur na faɗa kansa ina ihu, "Baƙi ne! Baƙin Alhaji ne! Wasa ne!" Ni ma na sha gora biyu a gadon baya kafin a gane ni. Sai ga Alhaji Ƙarami ya iso, ya diro daga doki hannuwa a sama, ya fizge ƙyallen fuskarsa. Bayansa Hajiya Likita. Da ta cire nata ƙyallen ta yi salati, sai suka ji muryar mace. Gorori suka sauka ɗaya bayan ɗaya.

Ba na so ku ɗauki mutanen nan a matsayin azzalumai. Shugabansu manomi ne, na san shi, na sha yi wa shanun huɗarsa allura. A daminar da ta gabata aka kore masa shanun nan biyu, aka tafi da ƙanensa, kuma ƙanen bai dawo ba. Samarin da ke tare da shi, da yawansu Malam Gidado ya je bikin sunansu. Shugaban ya matso kusa da ni ya ce, "Manaja, mi ya sa ba ku faɗa muna ba? Kai da kanka ka ce kullum za ka riƙa faɗi."

Hajiya Likita ta durƙusa a cikin taɓo ta kwance masa rawanin, ta ɗaure masa kafaɗa da mayafinta. Ƙashin kafaɗar ya karye, haƙarƙari biyu sun tsage, kunnen hagu yana jini. Tun da aka fara dukansa har muka sa shi a mota bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Abin da kawai ya tambaye ni shi ne, "Sun shiga gonar wani?" Na ce ba su shiga ba. Ya rufe ido. Muka kai shi asibiti a Funtua. Baƙin kuwa ba su kai la'asar ba, suka tattara kayansu suka kama hanyar Abuja, mutumin banki ko sallama bai iya yi ba don kunya.

Bayan mako guda aka zauna sulhu a zauren mai unguwa. Alhaji da kansa ya zo daga Kaduna, ya ɗauki nauyin magani, ya ba da haƙuri. 'Yan sa-kai suka ba da haƙuri. Alhaji Ƙarami ya yi kuka a gaban jama'a. Kowa ya yarda kuskure ne, aka yi fatiha aka tashi. Ni da na saba da aikin gwamnati, na ɗauka in an zauna an rufe magana, to ta rufu.

Ashe a bakin madatsa wani ya ɗauki bidiyo da waya. Dattijo a ɗaure a ƙasa, ana ihun an kama infoma. Kafin mu isa asibiti bidiyon ya riga mu shiga Funtua, ya kai Malumfashi, ya wuce. Zaman sulhun kuwa ba wanda ya ɗauka. Da Malam Gidado ya dawo gida bayan mako uku, hannun dama ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, kunnen hagu ya daina ji, sai ya tarar ƙauyen ya canza masa. Ba wanda ya zage shi. Ana amsa gaisuwarsa, amma a gajarce. Matarsa ta riƙa dawowa da nononta a ƙwarya yadda ta fita da shi. A masallaci na gani da idona, ya shiga sahu, mutumin da ke gefensa ya ɗan matsa ya bar tazara. Na ji wani a kasuwa yana cewa, "Ai ko wannan karon kuskure ne, wa ya san na baya?" Da aka sace tumaki a wata unguwa can nesa, washegari samari biyu suka zo suka zagaya rugarsa a kan babur ba su ce komai ba.

Wata Juma'a bayan an sallame na miƙe na nemi izinin liman, na faɗi komai daga farko. Na ce laifina ne, ni ne ban sanar ba, kuma dattijon nan gudu ya yi a gaban shanu don ya kare audugarsu. Aka girgiza kai, aka ce Allah ya kiyaye gaba. Na fito ina jin na sauke kaya. Matarsa dai ta ci gaba da dawowa da nononta.

Bayan an gama ɗibar auduga ya zo ofishina, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ya ce zai tashi. Dangin matarsa suna wajen Ƙarfi, zai gwada can. Na roƙe shi, Alhaji Ƙarami ya roƙe shi ta waya, ya ce ya gode. Ya ce abu ɗaya yake so a wurina. "Manaja, kai mai boko ne. Ka rubuta mini takarda, ka buga hatimi, ka ce ni ba abin da aka ce ba ne. In na je baƙon wuri in nuna wa mai unguwa."

Na ji daɗi da ya tambaya, don a karon farko na ga abin da zan iya yi masa. Na zauna na tsara ta a kan takardar gona mai tambari. Na rubuta cewa mai ɗauke da wannan takarda ya yi mana aiki da amana, cewa zargin da aka yi masa na zama infoma kuskure ne, kuma an wanke shi a gaban mai unguwa da shaidu. Na sa hannu, na buga hatimi, na kai wa mai unguwa ya sa nasa. Na karanta masa sau biyu. Ya naɗe ta a leda ya sa a aljihun ciki. Washegari ya kwance bukkokinsa, ya ja 'yan shanunsa guda huɗu, suka tafi da iyalinsa.

Ban sake ganinsa ba sai gab da faɗuwar damina ta gaba. Baba Ilu ya zo ya ce ana sallama da ni a ƙofa, mai sallamar ya ƙi shigowa. Na fita na same shi a tsaye a gindin shinge. Ya rame, rigar da ke jikinsa ita ce wadda ya tafi da ita. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi Alhaji, sai da na matsa ta gefen kunnensa na dama kafin ya ji amsata. Sannan ya sa hannun hagu a aljihu ya ciro ledar ya miƙo mini.

Ya ce, "Manaja, ga takardarka. Na gode, amma ka riƙe ta."

Na ce, "Lafiya? Ba ta yi ba ne? In sake rubuta wata?"

Ya ce, "Ta yi kyau. Wuri uku na kai ta. Duk mai unguwar da na miƙa wa, sai ya sa a karanta masa, ya ɗago kai ya ce, ashe an taɓa zarginka? Kwana biyu sai a zo a ce in yi haƙuri in ƙara gaba. Da ban nuna ba, da baƙo ne ni kawai."

Na tsaya da takardar a hannu. Na ce, "To yanzu ina za ka?"

Ya ce, "Inda ba a san ni ba."

Na roƙe shi ya shigo ko ruwa ya sha, ya ce akwai mai babur yana jiransa a bakin hanya. Ya yi mini addu'a ya juya.

Ɗakunan baƙin nan huɗu yanzu buhunan dusa muke ajiyewa a ciki. Ba a sake yin wani hutu ba, kuma ba wanda ya sake ambatarsa. Ni abin da na ɗauka daga ranar nan ba mai yawa ba ne, amma ya ishe ni. A aikin nan muna ganin shanu muke kiwo, alhali rabin aikin shi ne zama da mutanen da shanun ke ratsa gonakinsu, mutanen da tsoro ya riga ya cinye. Duk abin da mu na ofis muka ƙi faɗa, ko muka faɗa ba daidai ba, ba a kanmu yake sauka ba. A kan wanda ke gaban garke yake sauka, kuma in ya sauka ba zaman sulhu ko hatimin da ke ɗauke shi. Alhaji Ƙarami yana nan da gonarsa, mutumin banki yana nan da ofishinsa, ni ma ga ni ina ba ku labari da albashina. Saboda haka in kun ga na hana a buɗe mashekari har sai wani ya hau babur ya je ya dawo ya ce mai unguwa ya ji da kunnensa, ku yi haƙuri da ni, tafiyar ba ta kai rabin awa ba. Na tambaya a kasuwannin shanu daga Funtua har Malumfashi, shekara biyu ke nan, ban sami wanda ya ce ya ga Malam Gidado ba.